Ranar Da Na Goge Muryar Goggo

Kwamfutar tebur da za ka tarar a shagunan buga takardu na Nima da Maamobi, ko a ofishin makarantar Islamiyya a Kanda, duk a cikin Akra, da wuya a ce sabuwa dal aka ciro ta daga kwali. Yawancinsu sun gama aikinsu ne a wani banki ko asibiti ko makaranta a Ingila, Jamus, Holan ko Amurka, aka tattaro su aka cika kwantena, jirgin ruwa ya sauke a tashar Tema. Daga can 'yan kasuwa ke kwasowa zuwa shagunan Lapaz da na kewayen Kwame Nkrumah Circle, inda muke ce wa Sakul. Wani rahoto da aka fitar a 2011 kan kayan lantarkin da ke shigowa Gana ya ƙiyasta cewa a shekarar 2009 kaɗai an shigo da kusan tan 215,000, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na hannu ne.

Ba na cikin masu zagin wannan sana'a. Na san hotunan Agbogbloshie da suka zagaya duniya, na samarin arewacin ƙasar nan suna ƙona wayoyi cikin baƙin hayaƙi don su ciro jan ƙarfe, kafin gwamnati ta rushe wurin a watan Yulin 2021. Na san da dokar da majalisa ta yi a 2016 kan sharar kayan lantarki, kuma ina goyon bayanta. Amma na san cewa ba don kayan hannu ba, da yawancin 'ya'yan Zongo sai sun girma za su fara ɗora yatsa a kan kibod. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, na'urar da ya ɗauko ta sha duniya kafin ta zo hannunsa. Ta yi shekaru tana aiki, ta yi watanni a sito a kashe, ta yi makonni a kan teku, kuma kowane ɓangare na cikinta da irin nasa tsufan. Ni na san wannan a baki. Da ranar aiki da shi ta zo ban yi ba, kuma abin da na rasa ba a sayar da shi a Sakul.

A 2014 na sayi tawa. Baƙa ce, irin ta ofis wadda ake kwantarwa a kan tebur a ɗora mata monita, da Windows 7 a ciki. Mai shagon ya kunna ta a gabana, ta tashi lafiya, na biya, na rungumo ta zuwa cikin motar haya ta trotro. Da ita nake buga wa maƙwabta wasiƙu da takardun neman aiki, da ita nake riƙe lissafin adashin matan gidanmu, a kanta kuma ɗan ƙanwata yake koyon bugu idan ya taso daga makaranta.

Goggo yayar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san yadda gidanmu ya zo ƙasar nan. Mahaifinta fataken goro ya biyo daga ƙasar Kano, ya zauna a Kumasi, daga baya ya gangaro Akra. Ita kuma ta ga Nima tun gidaje ba su haɗe da juna ba. Ta ga watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. A wannan wata gidanmu ya rabu biyu: wasu suka hau manyan motoci suka nufi Najeriya da Nijar, wasu suka tsaya. A 1983 kuma, da gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, wasu cikin 'ya'yan waɗanda suka tafi suka sake dawowa, domin a can ma 'yan Gana ake ce musu. Goggo ta san sunan kowa. Ta san wa ya auri wa, wa ya rasu a hanya, wa ya bar ɗa a Agege, wa ya bar 'ya a Maraɗi.

A 2015, lokacin da matsalar wutar da ake kira dumsor ta yi tsanani, dare yakan riske mu a tsakar gida cikin duhu, babu talabijin babu fanka. A irin waɗannan darare na fara ajiye waya kusa da tabarmarta ina ɗaukar maganarta. Da farko ba ta so. Takan ce, "Kai ɗan nan, me za ka yi da surutun tsohuwa?" Daga baya ita ke tambaya ko na kunna abin, kafin ta fara. Wayar ba ta da wurin ajiya mai yawa, saboda haka duk sanda ta cika sai in juye a kwamfuta in share na wayar. Goggo ta rasu a 2016, Allah Ya jiƙanta. Na ƙudura cewa zan zauna in rubuta duk abin da ta faɗa, in raba wa dangi na nan da na can. Kullum ina cewa sai na samu sarari.

Kwamfutar ta daɗe tana yi mini gargaɗi. Agogonta ya fara ja da baya, in gyara, bayan 'yan kwanaki ya sake karkacewa. Wani lokaci idan na shiga intanet shafi ya ƙi buɗuwa, ya ce bai amince da shaidar tsaro ba, sai na daidaita kwanan wata sannan ya yarda. Daga baya kuma, duk sanda na kunna, kafin Windows ya fito, sai wani ɗan farin rubutu ya bayyana a kan baƙin allo, ta tsaya cak har sai na danna F1. Na saba da danna F1 ɗin ba tare da na karanta abin da ke samansa ba. Ba wai ba na jin Turanci ba ne, kuma rubutun layi biyu ne kacal. Hannuna ne yake riga idona kullum.

Akwai kuma wata al'ada da dumsor ya koya mana. Wutar da ke dawowa bayan an ɗauke takan zo da ƙarfi ta ƙona firiji da talabijin, don haka kowa ya koyi zare fulogi daga bango da zarar ya gama amfani da abu. Haka nake yi wa kwamfutar, ban kuma daina ba ko bayan wuta ta daidaita. Dabara ce mai kyau, sai dai ban san tana cin wani abu a ɓoye ba.

Azumin 2017 ya faɗo cikin damina, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da ruwan Akra ya fi ƙarfi. Wani aiki ya kai ni Kumasi na yi watan a can, na bar makullin ɗakina a hannun ƙanwata. Bayan ƙaramar Sallah na dawo, na sa fulogi, na danna maɓalli. Fanka ta juya, 'yar fitilar gaba ta kama, amma monita ta tsaya baƙa ƙirin, akwatin kuma yana ta ƙara, ɗit ɗit ɗit, ya yi shiru ya sake.

Wannan matsalar na warware ta da kaina, kuma nasarar da na samu a kanta ita ta ja ni zuwa ɓarna. Kowace kwamfuta idan aka kunna ta, kafin ta nemi Windows, akwai wani ƙaramin shiri da ke zaune a kan madabod, ana kiransa BIOS, wanda ke bin sassanta yana duba ko kowa na nan. Idan ram bai amsa ba, ba ta da halin rubuta komai a allo, sai ta yi ƙara. Yawan ƙarar da tsawonta saƙo ne, ko da yake ma'anarsa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Na taɓa ganin yadda ake yi, don haka na zare wuta, na buɗe murfin, na ciro sandunan ram guda biyu, na goge bakinsu mai ruwan zinariya da abin goge fensir, na hure ƙurar ramukansu, na mayar har maƙallansu suka ce ƙas. Ƙurar hunturu da ta taru, ga laimar damina ta sauka a kanta a ɗakin da ya yi wata a rufe, ita ta hana su haɗuwa. Na kunna, allo ya kawo haske. Na ji a raina cewa na san kan wannan na'ura.

Farin rubutun nan ya fito. Na danna F1.

Tambarin Windows ya bayyana, ya yi 'yan daƙiƙu, sai allo ya yi walƙiyar shuɗi da rubutu cike, kafin in kama kalma ɗaya ta mutu ta sake tashi. Haka ta yi ta zagayawa. Ta kawo shafin gyaran kai, ta daɗe tana bincike, ta ce ta kasa. A nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani, amma zuciyata ta riga ta samo amsa. Na tuna cewa watannin baya ɗan ƙanwata ya taɓa kawo filash daga wurin abokinsa da wasan ƙwallo a ciki, na yi masa faɗa. Na haɗa wannan da makullin da na bari a gidan, na yanke hukunci: yaron ya shiga ɗakin da ba na nan, ya sa wa kwamfuta bairos.

Na kira shi a tsakar gida, a gaban uwarsa da matan haya da ke wanki a bakin famfo. Shekararsa goma sha uku a lokacin. Na tambaye shi wa ya ba shi izinin shiga ɗakina. Ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ta ba tun da ka tafi." Na ce ƙarya yake yi. Ƙanwata ta ce, "Yaya, makullin nan yana cikin jakata tun ranar da ka ba ni." Na ce ita ma rufa masa asiri take yi. Daga ranar na hana shi zuwa kusa da teburin.

Da dare na aro faifan Windows daga wani aboki. Da na kai shafin da ke nuna yadda aka rarraba faifan ajiya, na ga kashi biyu, na share su duka, don a tunanina bairos zai iya laɓewa a ɗayan ya sake dawowa. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, ta ce duk abin da ke ciki zai tafi. Na tabbata, domin ina da filash a aljihun tebur wanda na san na taɓa juye kayana a ciki. Filash ɗin yana nan kusa da gwiwata. Ban ciro shi na duba ba kafin in danna.

Sabon Windows ya hau lafiya, kwamfuta ta tashi garau, wannan ya ƙara tabbatar mini da cewa bairos ne. Washegari na sa filash. Akwai wasiƙu, akwai lissafin adashi na shekarar da ta wuce. Muryar Goggo ba ta ciki. Foldar takardu kawai na taɓa kwafewa, ita kuwa muryar a wata folda dabam na tara ta. Na bincika waya, na bincika tsohon memori, babu. Na yi baƙin ciki mai tsanani, kuma na ɗora shi duka a kan yaron. Ban sake yi masa faɗa ba, na daina sakar masa fuska ne kawai, wanda a wurin yaro ya fi faɗa ciwo. Na ci gaba da amfani da kwamfutar, na mayar da manhajoji, na zuba wa'azozi da finafinai, na ci gaba da buga takardun mutane.

Agogon bai daina karkacewa ba, farin rubutun ma bai daina fitowa ba. Sai da na buga wa wata maƙwabciya takarda ta fito da kwanan watan da ya wuce da shekaru, aka dawo mata da ita daga ofishin da ta kai, sannan na ɗauki akwatin na kai wa wani mai gyara a Maamobi. Shagonsa kwantena ce a bakin titi, shi kuma saurayi ne da na girme wa nesa ba kusa ba, da yaransa biyu masu koyon aiki. Bai taɓa sukurdireba ba. Ya haɗa ta da monitarsa, ya kunna, da rubutun ya fito na miƙa hannu zan danna F1, sai ya ce, "Malam, dakata." Ya karanta a fili. Layi na farko ya ce batirin cikin na'ura ya yi rauni kuma ba a saita lokaci ba. Na biyu ya ce a danna F1 a wuce, ko F2 a shiga saiti.

Ya buɗe murfin ya nuna mini wani ɗan farin ƙarfe kewayayye a kan madabod, kusan girman sulen pesuwa goma. Sunansa CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2, kuma sabonsa bolt 3 yake bayarwa. Tun 1984, da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa samfurin AT, ake sa wa kwamfutocin tebur agogo da ɗan wurin ajiyar saiti waɗanda batiri ke riƙe da su idan babu wuta. Ya ɗora mita a kan nawa, bai kai ko bolt ɗaya ba. Ya bayyana mini cewa muddin fulogi yana bango, ko kwamfuta a kashe take, akwai 'yar wutar da ke ratsowa ta riƙe agogon, batirin yana hutawa. Da zarar an zare, nauyin ya koma kansa. Batirin da ya riga ya yi shekaru a Turai, ya yi zaman sito da na jirgi, sannan ya zo hannun mutumin da ke zare fulogi kowane dare, ƙarshe aka bar shi wata guda cur babu wuta, ba abin da zai rage masa.

Yana canza batirin yana tambayata tarihin na'urar, sai na ba shi labarin shuɗin allo da bairos. Ya tsaya da abin da yake yi. Ya tambaye ni lambar da shuɗin allon ya nuna. Na ce bai tsaya ba balle in karanta. Ya ce a Windows 7, idan mutum ya riƙa danna F8 lokacin tashi, akwai zaɓin da ke hana ta sake kunna kanta, allon ya tsaya a karanta shi a natse. Ko kuma a ɗauki bidiyon allon da waya a tsayar da shi a daidai wurin. Sannan ya shiga saitin BIOS ya nuna mini layi ɗaya.

Faifan ajiya yana magana da madabod ne ta ɗaya daga cikin wasu hanyoyi, akwai tsohuwa da ake kira IDE, akwai sabuwa da ake kira AHCI. Windows 7 yana shirya kansa bisa hanyar da ya tarar ranar da aka ɗora shi. Idan aka sauya masa daga baya, sai ya fara tashi, ya kai tsakiya ya kasa karanta faifan da shi kansa yake zaune a ciki, ya nuna shuɗin allo da lamba 0x0000007B. Masu sayar da kayan hannu sukan ɗora kwafi ɗaya na Windows a kan na'urori da yawa, su juya wannan layi ya dace da kwafin nasu, kuma ba laifi ba ne, na'urar za ta yi aiki shekara da shekaru a haka. Amma ranar da batiri ya mutu gaba ɗaya, BIOS ya manta da abin da aka saita masa ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Ya ce bai ga lambar da idonsa ba, amma duk alamun da na lissafa nan suka nufa, kuma ba mako da zai wuce bai gamu da irinta ba. Dalilin da ya sa sabon Windows ɗina ya hau lafiya shi ne ya tarar da sabon saitin ya shirya kansa a kai.

"Malam," in ji shi, "da ka juya wannan layin kawai, da ta tashi da komai naka a ciki."

Ya tambaya ko akwai abu mai muhimmanci a faifan. Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da ban zata ba: tun yaushe nake amfani da ita bayan na share? Ashe sharewar da na yi ba ta kashe muryar nan take ba. Abin da ake gogewa a irin wannan sharewa shi ne jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, su kuwa fayilolin suna nan kwance a kan faifan har sai an rubuta wani abu a kansu. Da na kashe ta a safiyar da na ga babu muryar a filash, na kawo masa, da akwai kyakkyawan zaton a ceto mafi yawa. Kowane fim da na zuba, kowace manhaja da na ɗora a watannin nan, a kan maganar Goggo suke sauka. Tun farko ma, in ji shi, ko da faifan ya ƙi tayar da Windows, ana ciro shi a haɗa da wata kwamfuta a kwashe kaya, ko a tayar da na'urar da Linux daga filash a kwafe komai, kafin a yi maganar fomat.

Ya ciro faifan ya haɗa da tasa kwamfutar, ya sa wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ba ta neman jadawali, faifan take bi daga farko zuwa ƙarshe tana tsintar duk abin da ya yi kama da hoto ko sauti ko takarda. Ta kwana tana aiki. Abin da ta fitar dubban fayiloli ne marasa suna, sai lambobi. Na zauna a bencin shagon da abin sauraro a kunne ina buɗe na sauti ɗaya bayan ɗaya. Na samu Goggo tana ba da labarin zaman mahaifinta a Kumasi, cikakke. Na samu wani guntu tana kwatanta yadda ake ɗaure goro a ganye don kada ya bushe a hanya. Na samu wasu da suka fara da muryarta suka yanke a tsakiyar jimla. Daren da ta jero sunayen waɗanda suka hau mota a 1969, gida gida, da inda kowa ya sauka, ba ya cikin abin da aka tsinto.

A zaman da na yi a shagon na ga yadda yake koya wa yaransa aiki. Duk wanda ya kawo na'ura, tambayar farko ita ce ko akwai abin da ba a so a rasa a ciki. Ta biyu, mene ne abu na ƙarshe da ya faru kafin ta ƙi tashi. Bayan nan sai a duba daga bango zuwa ciki: soket, waya, sannan bayan akwatin wuta, domin tsofaffin na'urori suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230, kuma wadda ta fito daga Amurka takan zo a kan 115, alhali wutar Gana 230 ce, idan aka sa ta haka nan take za ta yi ƙara ta ƙone. Sai a saurari ƙarar da take yi, a karanta duk abin da ta rubuta, a duba kafasitocin madabod ko akwai wanda kansa ya kumbura ko ya tsiyayar da ruwa. Idan za a gwada canji, abu ɗaya ake canzawa a kunna a gani, a mayar da shi kafin a taɓa na biyu. Na ji ya ce wa ƙaramin cikinsu duk gyaran da ba a iya komawa baya daga gare shi, shi ne na ƙarshe a layi, kuma ba a yin sa sai mai kaya ya ga kayansa a wani wuri da idonsa.

Ba na zargin kaina don ban san AHCI ba. Mutane da yawa da suka fi ni ilimi ba su san shi ba, kuma ba dole ne su sani ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda na samo mai laifi kafin in samo dalili, kuma da na same shi sai na daina nema. Alamu suna gabana, agogo da kwanan wata da rubutun da ke fitowa kullum, amma babu ɗayansu da ya dace da labarin da na riga na tsara, don haka ban gan su ba. Fushi ne ya share faifan nan a daren, ina so in wanke na'urata daga abin da nake zaton yaron ya sa mata. Da a ce ban zargi kowa ba, da na ji tsoro, tsoron kuma da ya sa na ciro filash ɗin na duba.

Wannan magana ba ta tsufa ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 ba ya karɓar tsofaffin na'urori da yawa, don haka ofisoshin Turai da Amurka suna sauke kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau. Wani kaso nasu Tema zai sauka. Duk wanda ya zo neman shawarata kafin ya saya, nakan ce ya sa mai shago ya daidaita agogo, a kashe, a zare fulogi na ɗan lokaci, a mayar a kunna a ga ko lokacin ya tsaya daidai. Ya sa a canza masa batirin nan a gabansa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ya ɗauki hoton shafukan BIOS da wayarsa ya ajiye. Abin da kuma ba ya so ya rasa, ya kasance a wuri biyu, ya buɗe na biyun ya tabbatar yana nan.

Guntayen da aka ceto na tura wa dangi a Agege da Maraɗi ta WhatsApp, na faɗa musu abin da ya faru da sauran, da kuma wanda ya jawo. Wani dattijo a Maraɗi ya aiko da saƙon murya ya ba ni sunayen mutanen gidansu da suka iso can a ƙarshen 1969. Ina nan ina bin sauran gidajen, amma waɗanda suka ga abin da idonsu suna ta raguwa.

Yaron kuwa, tun da a tsakar gida na ƙaryata shi, a tsakar gida na kira shi, na jira lokacin da matan nan suke bakin famfo. Na faɗa musu cewa bai shiga ɗakina ba, bai sa wa kwamfuta komai ba, batiri ne ya mutu, kuma ni ne da hannuna na goge maganar Goggo. Na roƙi ƙanwata gafara a kan abin da na ce mata. Ta ce, "Ya wuce, Yaya, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Na juya wurinsa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, kansa a ƙasa. Sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, ai na taɓa faɗa maka batiri take cewa. Ka ce in bar abin da ban sani ba."

Na tuna ranar. Yana tsaye a bayana, ina sauri in buga wa wani takarda.

Na ce masa teburin nasa ne duk sanda ya so. Bai koma ba sai bayan babbar Sallah ta shekarar da ta biyo, kuma ko da ya koma, ya daɗe ba ya yarda ya kunna ta sai ina cikin ɗakin.